Yadda 'Yata Ta Daina Kiranmu

Shekarar da aka haifi 'yata ta fari muka koma Gwarinpa, cikin wani ɗan gida mai ɗaki biyu da falo, a bayan gidan wani dattijo da ya yi ritaya. Ni ina aiki a wata ma'aikata a cikin gari, mataimaki ga wani darakta wanda bai san bambancin ranar aiki da ranar hutu ba. Matata kuma tana sayar da atamfa da leshi da mayafai. Ba ta da shago, a waya take komai. Za ta shimfiɗa kaya a kan gado, daidai inda haske yake shigowa ta taga, ta ɗauki hoto ta ɗora, mata su yi ta tambaya, in an daidaita ta kira mai babur ya kai.

Da wani ya tambaye ni a lokacin me nake yi da waya tun daga dawowata ofis har in kwanta, da na ce aiki nake yi. Akwai aikin, ba ƙarya ba ne. Amma tsakanina da Allah, saƙon oga bayan an tashi bai fi biyu ko uku ba. Sauran duk gardamar siyasa ce a zauren tsofaffin 'yan ajinmu na sakandare, sai ƙwallo, sai gajerun bidiyoyin nan da in ka fara ɗaya ba ka sanin lokacin da ka kalli talatin.

Yarinyar ta yi saurin baki. Tun ba ta cika shekara biyu ba take haɗa magana, har dattijon da muke haya a gidansa ya riƙa ce mata rediyo. Tambayoyinta ba sa ƙarewa. Me ya sa ƙadangare yake ɗaga kai yana saukewa? Ina ruwa yake zuwa in ya shiga kwata? Wa yake kunna wata? In na shigo gida da yamma, tun ban cire takalmi ba take riƙe mini wando tana ba ni labarin abin da ya faru tun safe, har da abin da bai faru ba.

Nakan saurara na minti ɗaya ko biyu, sai in zauna a kujera in ciro waya.

"Dadi, kalli!"

"Uhm, na gani."

"Ba ka gani ba. Kalli!"

"Ina zuwa, bari in gama."

Uwarta ma amsarta ke nan, sai dai ita tana ƙarawa da "kwastoma ce". Akwai lokacin da yarinyar ta gano wata dabara: sai ta hau cinyata, ta sa tafukan hannunta biyu a kumatuna, ta juyo da fuskata wajenta da ƙarfi. Da farko abin yana ba ni dariya. Wata rana tana yin haka sai wayar ta suɓuce ta faɗi a kan tayil, gilashin ya tsage daga gefe. Na buge mata hannu, na daka mata tsawa. Ba duka ba ne mai zafi, amma ba ta sake kama fuskata ba.

Tana da shekara huɗu aka haifi ƙanenta, kuma a wannan shekarar ta zama wata iri. Ta zubar da gwangwanin madara a tsakar falo tana kallonmu. Ta ciji jaririn a hannu. Wata rana ta ɗauki almakashi ta tsarga wata atamfa da aka riga aka saya ana jiran mai babur ya zo ɗauka. Duk abin da za ta yi, a gabanmu take yi, ba ta ɓoyewa, kuma ba ta gudu. Muka ce kishin ƙane ne. Muka yi faɗa, muka sa ta kneel a lungu, wato ta durƙusa ta ɗaga hannu kamar yadda ake yi musu a makaranta, wani lokaci uwarta ta ɗan zane ta. A lokacin faɗan dai mu biyu muna tsaye a kanta, wayoyinmu a ajiye, idanunmu huɗu a kanta. Ban lura da wannan ba sai daga baya.

Sai kuma abin ya wuce kamar an ɗauke ruwa. Kafin ta cika biyar ta yi shiru. Tana dawowa daga makaranta za ta cire kaya, ta ci abinci, ta zauna a bayan kujera da 'yar tsanarta da murafen kwalabe. Ba tambaya, ba ɓarna. In baƙi suka zo sai su ce, "Kai, wannan yarinya akwai natsuwa, ba kamar yaran Abuja ba." Mu kuwa sai daɗi ya kama mu. Na tuna na ce wa matata, "Kin gani ko? Dama na ce miki za ta yi hankali."

Muna da wani fili a Orozo da muka saya da niyyar gini in Allah ya hore. Kafin nan, wata tsohuwa 'yar asalin wurin, daga dangin da suka sayar mana, ta roƙi ta ci gaba da shuka gyaɗa da masara a ciki, muka yarda. Mama muke ce mata. Hausarta irin ta mutanen wurin ce, ba ta damu da mace ko namiji a magana ba, kuma kaya a kafaɗa take ɗauka, ba a ka ba.

Wata Asabar cikin damina na yi alkawari da magini za mu haɗu a filin don maganar katanga. Jaririn yana fama da haƙori, matata ga kaya sun iso mata, sai ta ce in tafi da yarinyar ko ta samu sarari. Muka sha gosulo a Nyanya, muka wuce Karu da Jikwoyi, ita tana baya tana kallon taga. Ban tuna mun yi wata magana a hanya ba.

Muka isa magini bai zo ba. Na zauna a kan bulo a ƙarƙashin wata bishiyar kashu, na ce mata ta yi wasa nan kusa, kar ta taka shukar Mama. A zauren 'yan ajinmu an ɗauko wata gardama tun safe, wani da ba mu jituwa tun muna makaranta ya jefe ni da magana, ni kuma na duƙufa sai na rama.

Na ji takun yarinyar a bayana. Ta ce, "Dadi," a hankali, sau ɗaya.

Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Zauna ki jira in gama."

Na ji ta zauna a kan bulon da ke bayana. Na ci gaba da rubutu. Ya ba ni amsa, na ba shi, wasu suka shigo, aka yi ta turo hotunan dariya. Daga baya na koma na duba lokacin da ke jikin saƙonnin, saboda waya ba ta mantuwa. Daga saƙon da nake rubutawa sa'ad da ta kira ni zuwa na ƙarshe, minti goma sha tara ne.

Ihun Mama ne ya dawo da ni.

"Oga! Kai oga! Yaro yana jini!"

Na juya. Yarinyar tana zaune, ta riƙe ƙafarta ta hagu da hannu biyu, jini yana bi ta tsakanin yatsunta yana ɗiga a kan bulo, har ya taru a ƙasa ƙudaje sun fara sauka. Wani yankakken kwanon rufi ne da ke ɓoye a cikin ciyawa ya ratsa silifa ya yanke ta a gefen tafin ƙafa. Tsakanina da ita bai kai taku biyu ba. Babu hawaye a fuskarta, leɓenta ya bushe, kuma ba ni take kallo ba, wayar da ke hannuna take kallo.

Mama ta yar da kwanon da ke kafaɗarta, ta cire ɗankwalinta ta yage, ta durƙusa ta ɗaure ƙafar tamau. Hannunta yana aiki bakinta bai tsaya ba.

"Kai wane irin mutum ne? Yaro yana bayanka, jini yana zuba, kai kana danna-danna. Ko akuya, in ɗansa ya yi shiru, yana juyawa ya duba. Ɗauki shi! Ɗauki shi ka tafi asibiti, me kake kallo?"

Na sunkuci yarinyar na yi mota da gudu. A wani ƙaramin asibiti a kan hanyar Karshi aka wanke ciwon, aka yi mata ɗinki huɗu da allurar tetanus. Ina riƙe da kafaɗunta ina jin jikinta yana karkarwa, ta dantse haƙora, ta runtse ido, amma ko uffan. Nas ɗin, wata mace mai ɗan shekaru, ta shafa kanta ta ce mata jaruma. Da muka fito karɓar magani sai ta biyo ni, ta rage murya.

"Malam, haka take kullum?"

"Eh, ba ta da rigima."

"Ni dai na daɗe a aikin nan. Yarinya 'yar shekara biyar a ɗinke ta ba ta yi kuka ba, ba ya burge ni. Tsoro yake ba ni."

A mota, kafin in tayar, na juya na kalli yarinyar.

"Me ya sa ba ki gaya mini kin ji ciwo ba?"

"Na ce Dadi."

"To me ya sa ba ki yi ihu ba? Me ya sa ba ki ce jini ba?"

"Ka ce in jira ka gama."

Sannan ta ƙara da cewa, "Ba ka gama ba." Babu fushi a muryarta, bayani kawai take yi mini. Can kuma sai ta tambaye ni ko Momi za ta yi mata faɗa saboda silifar ta tsinke. Na kifa kaina a kan sitiyari na daɗe ban ɗago ba.

Da muka isa gida na yi abin da har yau nake jin kunyarsa fiye da na farkon. Matata ta ga bandeji ta rikice, tana tambayar garin yaya, sai na ce ina can ina magana da magini abin ya faru, kuma nan take na ɗauke ta. Yarinyar tana zaune a kujera tana ji. Ta kalle ni kawai. Washegari bayan sallar Azahar na kasa jurewa, na kira matata ɗaki na gaya mata gaskiya, har da minti goma sha taran.

Ta fara da kuka, sannan ta koma faɗa.

"A kan me? A kan gardamar banza da mutanen da ko gaisuwar mutuwa ba sa zuwa maka? Da jijiya ta yanke fa? Da tsohuwar nan ba ta zo ba fa?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma laifi tudu ne, sai na taka nawa na hango nata. Na ce ita fa, da take shayar da yaro hannu ɗaya a waya, ko kallon fuskarsa ba ta yi? Na tuna mata ranar da ya mirgino daga gado tana falo tana ciniki. Na ce yarinyar da ita take wuni, ba da ni ba. Ta ce ita sana'a take yi, da ita ake cefane, ni kuwa me nake kawowa daga zauren 'yan aji? Muna cikin haka, muryoyi sun ɗaga, sai wayarta ta yi ƙara a kan gado. Idonta ya tafi can. Nawa ma ya tafi. Muka dawo da ido muka kalli juna, faɗan ya mutu a nan. Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi.

Ina da yaya mace a Gwagwalada, malamar firamare ce, ta fi shekara ashirin tana koyar da ƙananan aji. Da ta ji labari sai ta zo dubiya. Ta wuni a gidanmu tana dai kallo. Da za ta tafi ta ce tunda an yi dogon hutu, in an cire zare a ba ta yarinyar ta yi mata mako guda. Muka kai ta.

Ranar da muka je ɗauko ta, mun tsaya a ƙofar gida ina ƙoƙarin rufe mota, sai na ji wata murya daga tsakar gida tana zuba labari, wai wata kaza ta bi wani kare har cikin bayi, ana ta dariya. Sai da na ɗan saurara kafin in gane muryar 'yata ce. Na manta yadda take in ta saki jiki. Muka yi sallama muka shiga. Suna zaune a tabarma ita da Yaya suna tsinke zogale a tire. Ta ganmu, ta tashi ta gaishe mu da ladabi, ta koma ta zauna. Labarin kazar bai ƙarasa ba.

Yaya ta aike ta maƙwabta, sannan ta fuskance mu.

"Kwana uku na farko, ban ji komai daga bakinta ba sai to da a'a. In za ta yi mini magana, hannuna take fara dubawa. In ta ga ba komai a ciki, sannan ta ɗago ta kalli fuskata. Kun taɓa lura?"

Ba mu taɓa ba.

"Ni ban yi mata wani abu na musamman ba. Tawa wayar tana ɗaki, sai ta yi ƙara nake tunawa da ita. In ta ce Anti, sai in ce na'am in kalle ta. Shi ke nan."

Matata ta ce, "Yaya, wallahi ba mu rage ta da komai ba. Makaranta mai kyau, abinci, sutura..."

"Na sani. Ba wanda ya ce ba kwa son ta. Amma yaro ƙarami a fuskar uwarsa da ubansa yake gane komai. In ya faɗi, kafin ya yi kuka ku yake kallo, ya ga ko abin ya kai na kuka. In ya yi abin kirki, ku yake kallo ya ga ko ya burge. To in kullum ya ɗago sai ya ga tsakiyar kanku, me zai ɗauka? Zai ɗauka abin da ya dame shi bai kai a ɗago kai ba. Ina da irinsu a aji duk shekara, kuma ƙaruwa suke yi. Wasu su zama masu ƙiriniya, ba mai zama lafiya saboda su. Wasu su yi tsit. Masu ƙiriniyar ba su cika ba ni tsoro ba, su har yanzu suna sa ran za a kula su."

Sai na tuna madarar da aka zubar da atamfar da aka tsarga, da yadda muka yi murna da aka daina.

Yaya ta juyo kaina. "Kai ka manta Baba? Mutumin da ba ya magana, wuni yake a kan keken ɗinki. Amma in ka zo ka tsaya a gefensa, me yake yi?"

Na ce, "Yana ɗauke ƙafa daga keken."

"Ko da sallah ta matso, kaya sun yi masa yawa. Zai tsayar, ya ji abin da ya kawo ka, ko da shirme ne, sannan ya ci gaba."

Matata ta tambaye ta ko yarinyar za ta dawo yadda take. Yaya ta ce ita malama ce, ba likita ba, kuma ba za ta yi mana alkawarin abin da ba ta sani ba. Ta ce mu dai fara, kuma kar mu sa ran gani a mako ɗaya.

Muka dawo muka kafa doka: daga Magariba har yara su yi barci, wayoyi suna cikin wani kwando a saman firij. Ban taɓa zaton abin zai yi wuya haka ba. Hannuna ya riƙa zuwa aljihu da kansa. Ina jin kamar waya tana motsi a cinyata alhali tana can sama. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne da na zauna a gaban 'yata, na rasa abin da zan ce mata.

"Yaya makaranta?"

"Lafiya."

"Me kuka yi yau?"

"Ba komai."

Sai ta zauna tana kallona a ɗarare, kamar wadda ake shirin tuhuma. Rana ta uku ta tambayi uwarta a kicin ko ta yi laifi ne, tunda Dadi yana ta yi mata tambayoyi.

Ba zan ce mun riƙe dokar yadda ya kamata ba. A mako na biyu oga ya kira sau huɗu ban ɗauka ba, washegari ya wanke ni tas a gaban mutane, sai na ce to, in dai shi ne zan ɗauka. Daga duba ko shi ne, sai in ga wani saƙon. Matata ma wasu kwastomomi suka koma wajen wata saboda ba ta amsawa da wuri, sai ta fara cewa bari ta duba abu ɗaya. Mu yi wata guda muna kan hanya, mu zame, wani abu ya faru mu dawo. Na fita daga zauren 'yan ajinmu sau biyu, sau biyu ana mayar da ni, na biyun ban ƙara fita ba, na dai rufe masa murya. Haka muka yi shekara uku muna faɗuwa muna tashi.

An samu canji, ba zan yi butulci ba. Na koyi cewa ba a zaune fuska da fuska take magana ba, sai muna wani abu tare. In ina wanke mota na ba ta tsumma, ko muna tafiya sayen burodi a ƙasa, can sai ta jefo magana ɗaya, in na yi haƙuri ban cika ta da tambaya ba ta ƙara ta biyu. Amma rediyon da dattijon nan yake faɗa ba ta dawo ba. Tana cin farce har ya yi jini. Komai ƙanƙantar abu sai ta ce yi haƙuri, ko da ita aka taka. Malamanta kowace shekara maganarsu ɗaya, tana da ƙoƙari amma ba ta ɗaga hannu, ko ba ta gane ba ba za ta tambaya ba. Ƙanenta kuwa daban yake, in yana magana ka kalli waya sai ya fizge ta ya jefa bayan kujera. Wata rana na ji ta tana ja masa kunne a ƙofar ɗaki: "Kar ka dame su, suna aiki." Ni kuwa a lokacin bidiyon wani mai barkwanci nake kallo.

Wani lokaci ina gaya wa kaina wataƙila halinta ne, ai kakanta ma ba mai magana ba ne, kuma yara da yawa suna canzawa in sun girma. Yana iya yiwuwa. Ba ni da hanyar da zan raba abin da ta gada da abin da muka koya mata. Abin da na sani shi ne na san ta tana da shekara uku, kuma ina wurin, a kan kujera, duk tsawon lokacin da take raguwa.

Bara, tana aji uku, malamarsu ta kira mu. Ta ce makin yarinyar yana sauka, kuma ta lura in ana rubutu a allo sai ta tsuke ido, ko ta jira na kusa da ita ya rubuta ta kwafa. Ta ba da shawarar a duba idonta. Na ɗauki hutun rabin yini na kai ta. Likitan ya sa ta karanta haruffa a bango, daga layi na uku ta tsaya. Ya tambaye ta tun yaushe take ganin allo dishi-dishi, ta ce tun aji biyu. Ya tambaye ta ko kanta yana ciwo, ta ce kusan kullum in an tashi. Ya kalle ni, na sunkuyar da kai. Don ya sauƙaƙa mini sai ya ce yara da yawa ba sa faɗa, suna ɗauka kowa haka yake gani. Na gode masa. Amma ciwon kai ai ta san ba kowa yake yi ba, kuma shekara guda tana tsuke ido a gaban talabijin a falonmu.

Bayan kwana biyar muka koma karɓar tabarau. Ta zaɓi mai jan firam. Da muka fito ta tsaya a bakin titi tana kallon wata bishiya, ta ce ashe daga nan ana iya ganin ganye ɗaya-ɗaya. A mota ta dawo gaba ta zauna kusa da ni, ta shiga karanta duk allon da muka wuce da ƙarfi, na masu gyaran taya, na masu sayar da fili, har lambobin motoci. Na rage gudu, na bi doguwar hanya. Muka tsaya wajen mai gasa masara a shigar Gwarinpa, ta zaɓi tata da kanta.

Tana ci sai ta ce, "Da ƙawata tana nan da na nuna mata."

"Wace ƙawar?"

Ta faɗi wani suna da ban taɓa ji ba. Ta ce tun aji ɗaya suke zama benci ɗaya, ita ce take karanta mata abin da ke allo a hankali in malama ta juya baya. Ta ce a ƙarshen zangon da ya wuce aka yi wa babanta canjin wurin aiki suka koma Lokoja, shi ya sa makinta ya sauka, don wadda aka sa a wurin ba ta yarda a kalli littafinta. Ta ce ranar da ƙawar ta tafi ta shiga bayin makaranta ta yi kuka har aka kaɗa ƙararrawa, sannan ta wanke fuska.

Na ce, "Da kika dawo gida ranar, mun ganki?"

"Eh. Kun ce sannu da zuwa."

Da muka isa gida ta ruga nuna wa ƙanenta tabarau. Na sami matata a ɗaki tana ninke mayafai, na faɗa mata sunan yarinyar, na tambaye ta ko ta san ta. Ta tsaya da mayafi a hannu tana tunani, ta maimaita sunan sau biyu, sannan ta girgiza kai.